Bakandamiyar Mai Jita: Daga Tubali Zuwa Niafunke

Ga rubutaccen shirinmu na wannan mako, saboda 'yan'uwa da data ba ta isarsu su sauke murya, da waɗanda sai sun hau tudu kafin su samu sabis.

Yau tarihin kiɗa za mu taɓa, kiɗan ma na jita. Na san wani zai ce, mu da ke fama da abin da ke damunmu tsakanin Shinkafi da Zurmi da Ƙaura, ina ruwanmu da jita? Ku yi mani haƙuri ku biyo ni, za ku ga inda hanyar ta ɓulle.

Mu fara da kalma guda: bakandamiya. Duk wanda ya tashi a ƙasar nan ya san ta. Ita ce waƙar da makaɗi ke ɗauka a matsayin uwar waƙoƙinsa, inda ya zuba duk fasahar da Allah Ya ba shi, inda yake tsayawa ya yi wa kansa kirari ba kunya. Ibrahim Narambaɗa, mutumin Tubali, makaɗin kotso na fadar Isa da ke nan maƙwabtanmu, yana da tasa wadda ya yi wa Sarkin Gobir Amadu. Mamman Shata yana da tasa. Abin lura shi ne, Shata ya samu digirin girmamawa daga Jami'ar Ahmadu Bello a 1988, amma in ka tambayi ɗan tasha ko tsohuwa mai ƙosai mene ne babban abin da Shata ya bari, ba wanda zai ce maka digiri. Waƙa za a kira maka. Wato a wurinmu makaɗi da masu sauraronsa na gida su ne alƙalai, su ke yanke wace ce ta fi.

To tambayar da na ɗauko ita ce: masu jita na yankin Sahel, waɗanda duniya ta san su, suka ciwo kyaututtuka a Amurka da Turai, su wace ce bakandamiyarsu? Da me suke alfahari?

Kafin nan, a cire wani tunani. Jita baƙuwa ce, ba musu, amma hannun da ya karɓe ta a ƙasashen nan ya daɗe da sanin tsirkiya. Muna da garaya mai tsirkiya biyu, ta mafarauta da 'yan bori. Muna da gurmi, wanda Haruna Uji ya yi suna da shi. Muna da molo. Muna da kuntigi mai tsirkiya ɗaya tal, da goge da ƙanwarsa kukuma ta su Hassan Wayam da Ahmadu Doka. Fulani na da hoddu, Abzinawa na da tahardant, mutanen Mali na da ngoni. Dangi ne duk: ƙoƙo ko itace da aka rufe da fata, da sanda, da tsirkiya. Sai dai a ƙasar Hausa waɗannan kayan ba su taɓa samun darajar tambari ko kotso ko kakaki ba. Na fada daban, na dandali daban. Tun zamanin jihadi malamai ke kallon goge da molo da ido guda, saboda alaƙarsu da bori da gidajen shaƙatawa. Shi ya sa har gobe ɗan gidan mutunci in ya rungumi abu mai tsirkiya, sai an yi taron dangi a kansa. Ku riƙe wannan, domin wasu daga cikin mutanen da zan ambata sai da suka ci karo da irin wannan katanga.

Na farko, kuma wanda zan fi daɗewa a kansa, shi ne Ali Farka Toure na ƙasar Mali. An haife shi a 1939 a yankin Tambutu. Shi ne ɗa namiji na goma wurin mahaifiyarsa, kuma shi kaɗai ya rayu ya wuce ƙuruciya. Laƙabin Farka ma'anarsa jaki, saboda taurin rai da juriya. Mu ma mun san wannan al'ada ta ba ɗan wabi suna mara daɗi don mutuwa ta raina shi ta bar shi. Gidansu ba gidan makaɗa ba ne, saboda haka ba a so ya yi kiɗa ba. Ya fara da wani ɗan abu mai tsirkiya ɗaya irin kuntiginmu, sannan da ƙaramin goge. A 1956 ya ga Keita Fodeba, mutumin Gini, yana kaɗa jita, abin ya shiga ransa. Amma bai mallaki jitar kansa ba sai a 1968, lokacin da ya je ƙasar Bulgeriya da ƙungiyar makaɗan Mali. Ku lissafa, shekara 12 mutum na aron kayan aiki. Abin da ya yi da jitar shi ne ya kwashe kiɗan waɗancan kayan na gargajiya ya ɗora mata. Da Turawa suka ji, suka ce ai wannan kiɗan baƙaƙen fatar Amurka ne, irin na John Lee Hooker. Shi kuwa matsayinsa a kullum shi ne, saiwar tana nan gida, can reshe ne ya miƙa.

A 1994 ya fitar da faifan Talking Timbuktu tare da Ba'amurke Ry Cooder, faifan ya ci kyautar Grammy. A nan ne labarin ya yi kwana. Mutumin da ƙofar duniya ta buɗe masa, ana kiransa daga kowace ƙasa, sai ya ja baya ya koma garinsu Niafunke a bakin Kogin Neja, ya duƙufa kan noman shinkafa da ban ruwa. Ya sha nuna cewa shi manomi ne kafin ya zama makaɗi. Da kamfanin faifansa ya matsa yana son sabon aiki, sai da aka kwaso na'urori daga Turai aka kawo su Niafunke, aka ɗauki faifan a can, aka sa masa sunan garin. Wannan a 1999 ke nan. A 2004 aka zaɓe shi magajin gari, ya riƙa sa kuɗin aljihunsa wajen gyaran hanyoyi, da haƙa magudanan ruwa, da zuba wa janareton gari mai don a samu wuta.

Ni dai a nan nake tsayawa in yi shiru. Mu nawa muka san wanda ya samu ɗaukaka daga yankin nan, ya koma ya gyara ko kwalbati guda? Wasu ma in sun samu, hanyar Ƙaura zuwa Shinkafi sai dai su ji labarinta a rediyo. To, bari in bar wannan, ba shi ne shirin yau ba.

Ta ɓangaren kiɗan kansa kuma, Ali Farka ya faɗi wanda ya fi so. Ya sake cin Grammy a farkon 2006 da faifan da suka yi da Toumani Diabate, makonni kaɗan kafin rasuwarsa a watan Maris na shekarar, bayan fama da ciwon dajin ƙashi. Amma faifan da ya ce shi ne mafi kyau a duk abin da ya yi shi ne Savane, wanda bai ma ga fitowarsa ba, sai bayan ya rasu aka sake shi. Mene ne a cikin Savane? Ya tara masu kaɗa ngoni, irin su Bassekou Kouyate, ya zaunar da jitarsa a tsakiyarsu. Wato a ƙarshen tafiya, mutumin da ya zagaya duniya da kayan Bature ya dawo da shi cikin danginsa na asali, 'yan'uwan molo da garaya. Wannan ita ce bakandamiyarsa, kuma da bakinsa ya zaɓe ta.

Daga Mali ɗin dai, mu hau arewa zuwa ƙasar Abzinawa. A 1963 aka yi tawaye a yankin Kidal, sojoji suka kashe mahaifin wani yaro mai suna Ibrahim Ag Alhabib, yana ɗan shekara huɗu ko makamancin haka. Ya tashi a gudun hijira a Aljeriya. Jitarsa ta farko da gwangwani da sanda da wayar birkin keke ya haɗa ta. Shi ne ya kafa ƙungiyar Tinariwen wajen 1979 tare da abokansa. Samarin wannan zamani ana ce masu ishumar, daga kalmar Faransanci mai nufin marasa aikin yi. Fari ya kashe dabbobin iyayensu, gwamnati ba ta san da su ba, suna yawo tsakanin Aljeriya da Libiya suna neman na abinci. Wannan siffa ba sai na fassara wa ɗan Zamfara ita ba. Da yawansu sun shiga sansanonin horon soja na Gaddafi, kuma da tawaye ya ɓarke a 1990 wasu daga cikin makaɗan nan sun ɗauki bindiga. Waƙoƙinsu a kaset suke yawo hannu zuwa hannu, ba kanti, ba rediyo, kuma sun taimaka wajen zuga samari.

Ban ɓoye wannan ba domin kada a ɗauka ina cewa kiɗa ruwan sanyi ne a kowane lokaci. Kiɗa na iya hura wuta. Mu da muka fito ƙasar Kassu Zurmi mun fi kowa sani. Kassu gwani ne, ba mai ja, kuma in yana yi wa 'yan tauri da mafarauta kirari, namiji sai ya ji kamar ƙarfe ba ya cinsa. Gambu kuma har ɓarayi ya yi wa waƙa, kafin ya ce ya tuba a ƙarshen rayuwarsa. Kirari yana gina namiji, yana kuma tura shi inda ba zai dawo ba. Abin da ya sa labarin Tinariwen ya cancanci a ba da shi shi ne abin da ya biyo baya. An yi sulhu, a 1996 aka tara bindigogi a Tambutu aka cinna masu wuta a gaban jama'a, su kuma makaɗan suka riƙe jita ita kaɗai. A 2012 suka ci Grammy da faifan Tassili. A wannan shekarar ce kuma masu iƙirarin jihadi suka mamaye arewacin Mali suka haramta kiɗa. Duniya na tafa maka, garinku ba ka isa ka taɓa tsirkiya ba. In da za a ba mutum zaɓi tsakanin biyun nan, ina jin na san wanda zai ɗauka.

Amsar ta fito fili a labarin Bombino, ɗan Agadas a Nijar, wanda aka haifa a 1980. Da tawaye ya sake tashi a arewacin Nijar a 2007, hukumomi suka ɗauki jita a matsayin alamar 'yan tawaye, aka kashe biyu daga cikin abokan kiɗansa, shi kuma ya tsere Burkina Faso. A watan Janairun 2010, bayan ƙura ta lafa, ya dawo Agadas ya yi wasa a fili, a gindin babban masallacin nan mai doguwar hasumiyar ƙasa, da amincewar Sarkin Abzin, jama'a suka yi dafifi. Bayan haka ya yi faifai a Amurka, ya zama ɗan Nijar na farko da aka sa sunansa cikin masu takarar Grammy. Duk da haka, duk inda aka ba da tarihinsa sai an dawo kan wannan yammaci na Agadas. A ganina dalilin a bayyane yake: ranar ce mutanen gari suka tabbatar za su iya fitowa su taru, su kai dare, su koma gida lafiya.

Ku faɗa mani, yaushe rabon da a yi irin wannan taro a ƙauyukanmu, a kai tsakar dare ana kiɗa ba mai waiwaye? Yaushe rabon da 'yan kalankuwa su cika fili bayan kaka? Yanzu biki da rana tsaka anka ɗaura, anka ci abinci, kowa ya kama hanya tun la'asar ba ta yi sanyi ba. Ƙannenmu da anka haifa cikin shekarun nan ba su san dandali ba sai a baki.

Na ƙarshe a cikin baƙin namu shi ne ya fi kusa da mu, har ma ya sha ruwan ƙasarmu. Mdou Moctar, sunansa na yanka Mahamadou Souleymane, ɗan jihar Tawa ne. Gidansu gidan addini ne, ba a yarda da kiɗa ba, shi ma da katako da wayar keke ya haɗa jitarsa ta farko a ɓoye. Bahago ne, da hagu yake kaɗawa. Faifansa na farko, Anar, a ina kuke jin ya ɗauke shi? A Sakkwato, a 2008. Ya shiga situdiyo irin ta masu waƙoƙin finafinan Hausa, aka bi muryarsa da na'urar nan mai sa murya ta yi kamar ta inji, wadda ta cika waƙoƙinmu a lokacin, aka haɗa da jitar Abzinawa. Faifan bai shiga kasuwa yadda aka saba ba. Ta Bluetooth da memori ya bazu daga waya zuwa waya har Mali da Muritaniya. A can wani Ba'amurke mai tattara waƙoƙi, Christopher Kirkley, ya tsinci ɗaya daga ciki a wayar mutane, ya sa ta a wani kundi, sannan ya shiga neman mai ita har ya same shi. Yau Mdou Moctar na cika manyan dakunan wasa a Amurka da Turai, yana waƙa kan yadda Faransa ta kwashi yuraniyom ɗin Nijar ta bar mutane cikin duhu. In ya dawo gida kuma, yana wasa a bukukuwan aure kamar da, yana sa kuɗinsa ana haƙa rijiyoyi a ƙauyuka.

Ku duba abin nan da kyau. Kayan aikin da ya fitar da wannan bawan Allah duniya namu ne: situdiyon Sakkwato, salon waƙar Hausa, da wayar hannu irin wadda ke aljihun kowane yaro a kasuwar Shinkafi. A watan Satumban 2021, da anka katse layukan waya a Zamfara anka rufe kasuwannin mako, mu ma ai Bluetooth da Xender munka koma, muna tura wa juna abin saurare. Hanyar ɗaya ce. Abin da ke bin hanyar ne ya bambanta. Kowa ya san irin waƙoƙin da ke yawo a wasu wayoyi yanzu, na yabon mutanen daji, ana kiran sunayensu ana yi masu kirari kamar wasu jarumai, yara na haddacewa. Mai yin irin wannan waƙa, in Allah Ya ba shi tsawon rai ya tsufa, jikansa ya tambaye shi wace ce bakandamiyarka, ban san da wane baki zai amsa ba.

Kada kuma a ce sai a Mali da Nijar ake samun irin waɗancan. Ɗan Maraya Jos, Adamu Wayya, da gwangwanin kifi da tsirkiya guda ya yi rayuwarsa har ya rasu a 2015. Ya samu lambar girma ta ƙasa, ya zagaya ƙasashe, amma waƙar da ta fito da shi, wadda har yau ake tuna shi da ita, ta karen mota ce, yaron da ke kwana a ƙarƙashin babbar mota yana cin zagin direba. Ya ɗauki mutumin da ba wanda ke kallo ya sa shi a bakin duniya. Sani Ɗan Indo ma da kuntigin ya yi nasa zamani. Ba kayan kiɗa muka rasa ba, ba kuma gwanaye muka rasa ba.

Abin da muka rasa, a nawa ganin, adana ne. Ali Farka ya samu wanda ya tambaye shi wanne ya fi so, aka rubuta amsar, shi ya sa yau nake iya faɗa maku. Namu fa? Narambaɗa ya tsira ne saboda an ɗauki muryarsa, malaman jami'a kuma suka bi waƙoƙinsa suka rubuta. Amma masu garayar mafarauta da masu gurmi na ƙauyukan nan, waɗanda ba su taɓa shiga gidan rediyo ba, fa? Tun da aka ƙaddamar da shari'a a jihar nan a 1999 da yawansu suka rage fita, wasu suka ajiye gaba ɗaya. Ba gardamar hukunci na zo yi ba, wannan fagen malamai ne, kuma ina girmama su. Magana nake ta tarihi. A cikin waƙar mai garaya akwai sunayen dazuzzuka da fadamu, da sunayen mazan da suka tsare gari, da labarin yunwa da fari da shekarar da kogi ya ci gonaki. Dajin da yake ambata yau ba mai iya shigarsa. Garuruwan da yake kira wasunsu sun tashi. Tsohon da ke riƙe da wannan a ka, wataƙila yanzu yana zaune a wani kango a Ƙaura ko Gusau yana gudun hijira, garayar ma an baro ta rataye a ɗakin da aka ƙone.

Saboda haka ga roƙona, musamman ga matasanmu na Katuru da Badarawa da Jangeru da Kware, da na Moriki da Dauran, da na Kurya. In akwai tsohon makaɗin garaya ko gurmi ko kuntigi ko goge a unguwarku, ko cikin 'yan gudun hijirar da ke kusa da ku, ku je ku gaishe shi da ladabi, ku riƙa masa ɗan goro. Ku nemi izninsa kafin ku kunna waya, in ya ce a'a ku bar shi. In ya yarda, ko ba zai kaɗa ba, ku bar shi ya yi magana. Ku tambaye shi wa ya koya masa, da me ake yin tsirkiyar, wane fili ne ya fi cika masa da jama'a, a wace shekara, zamanin wane hakimi. Sannan ku tambaye shi wace ce bakandamiyarsa, kuma me ya sa ita. Kada ku sa hotonsa ko inda yake zaune a intanet, kun san halin da ake ciki. Ku turo mana muryar ta saƙo, za mu rubuta ta, mu mayar masa da kwafi ya ajiye wa iyalinsa.

A nan za mu dakata. Allah Ya jiƙan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya, Ya kawo mana zaman lafiya a Zamfara da Nijar da Mali baki ɗaya. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu. Wassalamu alaikum.